Kodineta Nelson da Robobi Ashirin da Huɗu

Duk wanda ya taɓa zama a Layin Mangwaro da ke Romi ya san Nelson Yashim. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, domin ko mutum ɗaya ne a gabansa, Nelson layin gaba ɗaya yake yi wa jawabi. Sana'arsa dillancin ɗakunan haya ce, amma kada ka kuskura ka kira shi dillali. Ya taɓa zama manajan kiwon zomaye, zomayen suka haƙa rami suka koma gidan maƙwabta. Ya taɓa zama daraktan kiwon tarwaɗa a tankin ruwan matarsa, har ranar da aka tafka ruwan sama aka ga jarinsa yana bin kwata. In ka tuna masa sai ya ce ai gwaji ne, kuma ko Turawa da gwaji suka fara.

Wata Litinin yana cikin bas daga Sabon Tasha, sai ya ji a rediyon direba cewa gwamnati za ta ba ƙungiyoyin unguwanni tallafi don yaƙi da tarin fuka. Bai ji ƙarshen sanarwar ba, saboda tari ya sarƙe shi a tsakiya. Amma ya ji an ce tallafi, wannan kuwa ya ishe shi. Kafin bas ta sauke shi ya riga ya kafa ƙungiya a ransa, ya shirya zaɓe, ya ci ba hamayya.

Ya shiga gida ya tarar da matarsa Judith a kan keken ɗinki.

"Maman Faith, share gida. Talauci ya ƙare."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Me za mu kiwata wannan karon?"

"Ba kiwo. Lafiya. Daga yau da Kodineta kike magana. Kodinetan Ƙungiyar Murƙushe Tarin Fuka ta Romi da Kewaye."

Sai a nan ta tsayar da keken. "Tarin fuka. Kai."

"Ni mana."

"Baban Faith, yau wata biyu da rabi kana tari kamar tsohon janareta. Sau biyu ina kai bel ɗinka ana ƙara masa huda. Kullum da safe sai na shanya zanen gado saboda zufarka. Ka fara murƙushe naka mana."

"Nawa hayaƙin keken hayar Tony ne mai ƙafa uku, kullum a ƙofarmu yake ɗumama shi. Ramar kuma tunani ne. Duk manyan mutane haka suke, ƙwaƙwalwa ce ke cinye musu tsoka."

Judith ta mayar da ƙafa kan keke ta ci gaba da ɗinki. Amma tsoro take ji, tsoro na gaske, domin irin wannan tarin ne ya ɗauke yayanta a ƙauye, shi ma kuma har ya kwanta yana cewa sanyi ne.

Washegari Nelson ya doshi asibitin unguwa, wurin Sista Hadassah, wadda ke kula da sashen masu tarin fuka. Mace ce gajera mai tabarau, irin wadda take barin mutum ya gama zubarsa kafin ta buɗe baki. Ta bar shi ya yi minti ashirin yana bayanin ofisoshin da zai buɗe da motocin da zai saya.

"Ka gama, Oga Nelson?"

"Wannan gabatarwa ce kawai."

"To saurara. Tallafin nan ba a kan tebur ake raba shi ba. Kwamiti zai duba ƙungiyar da ta nuna aiki. Aikin kuwa shi ne a nemo masu tarin da ya wuce mako biyu, su ba da kakinsu a gwada. Gwaji kyauta, magani kyauta." Ta jawo kwali ta tura masa. "Ga robobi ashirin da huɗu, kowace da murfinta. A rubuta suna da lambar waya a jiki. Kana da mako biyu."

"Mako biyu? Sista, kin raina ni. Ni da na cika gidan haya mai ɗaki goma sha shida a kwana uku, alhali ko banɗaki babu?"

Dariya ya so yi, tari ya riga ta fitowa. Ya yi ta yi har sai da ya dafa tebur. Sista ta ja kujerarta baya, ta buɗe taga, ta dube shi ta saman tabarau.

"Oga, kai ma ɗauki roba ɗaya."

"Haba Sista. Ni mai nemo marasa lafiya ne, ba mara lafiya ba." Ya sungumi kwalinsa ya fice.

Ran Asabar aka yi bikin ƙaddamarwa a ƙofar gidansa. Ya ari rumfa da kujeru, ya sa riga mai walƙiya irin ta masu ba da hannu a titi, an rubuta KODINETA a baya da fenti wanda bai gama bushewa ba. Wani ya taɓa gaya masa cewa ƙungiyar da ba ta da takardar sa hannun mahalarta ba ƙungiya ba ce, don haka ya kafa doka: sai ka rubuta suna da lambar waya kafin ka karɓi lemo da cincin. Layin Mangwaro kuwa ba a san su da wasa da lemo ba. Nan da nan takarda ta cika. Tony mai keke ma sau uku aka gan shi a layi, kowane zuwa da sabuwar hula.

Jawabi ya tafi daidai har zuwa lokacin da Nelson ya buɗe kwali ya ɗaga roba sama.

"Yanzu kowa zai ɗauki ɗaya, ya je bayan rumfa, ya kakaro daga can ƙasan ƙirji, ya tofa, ya rufe, ya kawo mini."

Malam Shehu mai tsire, mutumin Tudun Wada wanda ya shekara goma sha biyar da tukubarsa a bakin layin, shi ya fara ajiye kwalbarsa.

"Nelson, tsaya in fahimta. Ni da ko aski na yi sai na kwashe gashina na tafi da abina, ni ne zan ba ka abin da ya fito daga ƙirjina? Da sunana a jiki? Da lambar wayata? Ai ka gama haɗa wa boka aiki, sai dai ya hura wuta."

"Malam, wannan kimiyya ce."

"To kimiyyar ta zo da kanta ta karɓa."

Mama Lizzy mai abinci ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. "Abeg, Nelson. Bara ni da kai muka yi faɗa a kan kwata, ka ce zan gani. Ashe wannan ne zan gani? In tofa maka a roba ka rufe ka kai ɗaka? Yesu ya tsare."

"Ba ɗaka zan kai ba, asibiti!"

"Haka kowa yake cewa."

A layin nan an sha bamban a kan addini, an sha bamban a kan siyasa, a kan ƙwallo ma har dambe an yi. Amma a kan ba wa maƙwabci yawu a roba, ranar Kirista da Musulmi bakinsu ya zo ɗaya. Kafin Nelson ya gama bayanin kimiyya, kujeru sun koma babu kowa, kwalabe kuma babu komai.

Bai karaya ba. Ya ce matsalar rashin wayar da kai ce. Ran Talata ya aro lasifika a wurin wani mai tallan maganin basir, ya zaɓi wurin da ya fi tara jama'a da rana tsaka, wato rumfar Mama Lizzy. Ranar kuwa miyar kuɓewa ta yi, teburori sun cika da direbobi da makanikai, kowa ya naɗe hannun riga.

"Jama'a!" in ji lasifika. "Ku duba kakinku! In kun ga yana da yauƙi, yana ja, ya yi kore-kore, wani lokaci da ɗan ja-ja a ciki..."

Wani makanike da ya ɗago loma, miya na ja daga kwano har bakinsa, ya tsaya ya dube ta. Ya mayar a hankali. Na kusa da shi ya ture kwanonsa. Nelson ya ja numfashi zai ci gaba, sai tarin ya zo, shi kuma ya manta bai sauke lasifikar ba. An ce har bakin babban titi an ji, wata akuya ma ta tsinke igiya.

Mama Lizzy ta fito da muciya a hannu, tuwo na manne a jiki.

"Nelson! Kasuwata! Ka kashe mini kasuwa da rana tsaka!"

"Mama, wayar da kai ne..."

"Tsaya in waye maka naka!"

Ya gudu, amma gudun bai yi nisa ba. Mutumin da a da yake bin masu gudun haya har Sabon Tasha a ƙafa, ranar gida huɗu ya wuce ya jingina da bango yana haki. Muciyar ta same shi sau biyu a kan kalmar KODINETA.

Da ya huce sai ya sake nazari. Ya gano cewa mutane ba sa ba da kaki ne saboda ba sa tari. In suka yi tari dole su tofar, in kuma za su tofar, ga shi a tsaye da roba. Saura kawai a samo abin da zai sa su tarin. Ya yi mamakin yadda duk likitocin ƙasar nan ba wanda ya taɓa wannan tunani.

Ran Alhamis da yamma matan zumunta suke koyon waƙa a cocin layin, mata kusan talatin, da tulunan kiɗansu da caki. Nelson ya zuba garwashi a gwangwanin madara, ya lallaɓa ƙarƙashin taga, ya watsa busasshen barkono cike da hannu biyu, ya koma bakin ƙofa ya jera robobinsa a kan benci.

Ana tsakiyar amshi waƙa ta karye. Mai ba da waƙa ta fara, masu tulu suka karɓa, kafin ka ce me coci ya rikice da tari da atishawa da kiran sunan Yesu. Suka yo waje a guje, hawaye shaɓe-shaɓe.

"A nan, iyaye mata! Ɗaya-ɗaya! A rubuta suna tukuna!"

Ba wadda ta ko kalli robar. Suka tofar a ƙasa, kowace kuma ta sa ƙafa ta tura ƙasa ta rufe nata. Sai iska ta juya ta kwaso hayaƙin gaba ɗaya ta juye wa mai shi. Abin da ya sa mata masu lafiya tarin minti biyu, shi durƙusar da shi ya yi. Nan suka same shi a ƙasa, ga gwangwani yana hayaƙi, ga ragowar barkono a aljihunsa. Ba sai an kira shaida ba. Da mafici, da littafin waƙa, da takalmin roba, kowace ta sa albarka.

Judith tana cikinsu. Ita ta janye shi daga tsakiya, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. A hanyar gida ya ciro hankici ya goge baki, ta ga ɗigon ja a jiki kafin ya yi saurin dunƙulewa.

"Mene ne wannan?"

"Barkono ne."

"Baban Faith, jini ne." Ta riƙo hannunsa. "Na roƙe ka da girman Allah. Ba don ni ba, don Faith da ke makaranta. Roba ɗaya. Ga su nan har ashirin da huɗu kana yawo da su."

"Waɗannan na jama'a ne. Kina so a ce Kodineta ya ci kayan ƙungiya?"

Ta sake shi ta yi gaba tana share ido da bakin zanen zumunta.

Saura kwana uku wa'adi ya cika, robobi suna nan fes kamar yadda aka ba shi. Da safe ya zauna a bayan gida, kwali a gefe, takardar sa hannu a cinya, yana tunanin yadda Tony zai yi masa dariya har shekara ta zagayo. Tari ya taso. Ya waiga neman inda zai tofar, idonsa ya faɗa kan kwali.

Ya dubi robobin. Ya dubi takardar. Suna ashirin da huɗu cif, kowane da lambar waya.

"Kai!" ya ce a fili. "Nelson, Allah ya yi maka kai."

Lissafinsa mai sauƙi ne. Kaki dai kaki ne, na'ura kuma ba ta san fuska ba. Nasa hayaƙin keke ne, don haka duk za su fito lafiya lau. Kwamiti ya ga aiki, maƙwabta su samu shaidar lafiya ba tare da sun tofar ba, shi kuma ya samu tallafi. Ba wanda aka cuta, sai ma taimako. Abin da ake nema kuwa Allah ya hore masa shi ba kaɗan ba. Takwas ya cika a ranar, takwas washegari, takwas ranar ƙarshe, yana kwafe sunaye da kyakkyawan rubutu. Sunansa ne kawai bai sa ba, don a ganinsa ba girman shugaba ba ne.

Kowace safiya ya kai wa Sista Hadassah takwas a leda. A rana ta uku ta juya wata roba a hannu tana karanta sunan.

"Malam Shehu mai tsire ya ba ka kakinsa?"

"Da hannu biyu."

"Shekara shida ina bin mutumin nan."

"Sista, akwai yadda ake magana da jama'a. Baiwa ce. In an ba mu tallafi zan shirya muku bita."

Bayan kwana huɗu waya ta shigo. Sista ce. Ta ce ya zo gobe ƙarfe tara, akwai babban likita daga ofis da yake son ganinsa ido da ido.

Nelson bai taka ƙasa ba ranar. Ya ciro kwat ɗin aurensa, wadda a da maɓallinta ba ya rufuwa, yanzu kuwa ana iya sa mutum biyu a ciki. Judith ta ce za ta raka shi ta riƙe masa jaka. Ya ji daɗi, ya ce ai gara ta fara saba wa zaman matar babban mutum. Ita kuwa ta riga ta ƙudura cewa in ta shigar da shi asibitin nan, ko da kokawa sai an gwada shi.

Suna shiga harabar ya ja ya tsaya. A ƙarƙashin bishiyar darbejiya, a kan bencina, ga Layin Mangwaro nan kusan gaba ɗaya. Ba mai magana, ba mai kallon wani. Mama Lizzy ta ja ɗankwali har gira ta ɗora baƙin gilashi. Malam Shehu yana jan carbi da sauri. Tony ya haɗa kai da gwiwa. Jiya aka kira kowannensu a waya aka ce ya zo akwai magana a kan gwajinsa, kowa kuma ya lallaɓo a ɓoye, ya zo ya tarar da maƙwabcinsa.

Nelson bai san wannan ba. Ya buɗe hannuwa.

"Kun gani? Jiya kuna guduna, yau kun riga ni zuwa tarba. Ba komai, na yafe. Shugaba uba ne."

Sista Hadassah ta fito tare da wani dogon likita mai furfura, dukansu da takunkumi a fuska. Likitan ya riƙe takarda.

"Kai ne Nelson Yashim?"

"Kodineta Nelson Yashim, ranka ya daɗe."

"Na shekara goma sha biyu a wannan aiki. In aka kawo robobi goma, da ƙyar a samu ciwon a ɗaya. Kai ka kawo ashirin da huɗu, duka ashirin da huɗun sun nuna."

Da wani mutum ne, da a nan jikinsa zai yi sanyi. Nelson kuwa abin da kunnensa ya ji shi ne ya ci ɗari bisa ɗari. Ya juya ga jama'a yana gyara kwat.

"Kun ji da kunnenku! Ashirin da huɗu cikin ashirin da huɗu! Ni ba na aikin wasa. Likita, ido gare ni. Daga nesa nake gane su."

"Gane wa?" Mama Lizzy ta fizge gilashinta. "Ni? Yaushe na ba ka? A ina? Jiya ban runtsa ba, har wasiyya na yi wa 'ya'yana, sai da asuba na tuna ban tofa wa kowa komai ba!"

"Ni ma ban ba shi ba!"

"Ni ma!"

Malam Shehu ya ɗaga hannu. "Likita, ni tsorona ɗaya. In dai da gaske kakina ne, to ta yaya ya same shi? Don in mutumin nan yana iya ciro abu daga ƙirjina ina barci, gara in san da wa nake zaune."

Sista ta karɓi takardar. "Bari mu bi a hankali. Wane ne Monday Audu?"

Tony ya miƙe yana sosa ƙeya. "Babana ne, Sista."

"Yana ina?"

"Ya rasu. Shekara huɗu ke nan."

"Martha Audu fa?"

"Kakata ce. Ita tun mulkin soja." Ya sunkuyar da kai. "Lemo ne, Sista. An ce suna ɗaya kwalba ɗaya. Jiya sau uku kuka kira wayata, na ɗauka daga lahira ne."

"Ikon Allah," in ji Malam Shehu. "Har kabari Kodineta ya bi da roba."

Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da suka kwana da fargaba suka wayi gari aka ce ba su ba ne. Sista ta bari ta lafa. Sannan ta sauko daga baranda ta tsaya gaban Nelson, ta yi magana ba da ƙarfi ba.

"Oga Nelson, na'urarmu ba ta ƙarya. Ciwon yana cikin robobin nan, dukansu, kuma da yawa. Waɗannan sun ce ba nasu ba ne. Matattu ba sa tari. Tambayata ɗaya ce. Ƙirjin wa?"

Nelson ya buɗe baki. Yana da amsa, bai taɓa rasa amsa ba tunda aka haife shi. Amma abin da ya fito tari ne, dogo, mai zurfi, irin wanda duk layin suka saba ji ta katanga wata uku ba wanda ya kawo komai a ransa. Yanzu kowa ya ji shi da sabon kunne. Bencin da ke kusa da shi ya watse. Ya ciro hankici, ya duba, wannan karon bai ce barkono ba ne.

Sai a lokacin lissafin ya iso masa. Ya zauna daɓas a kan bencin da aka bar masa, kwat ta taru a wuyansa.

"Sista," ya ce da wata 'yar murya da ba wanda ya san yana da ita, "mutuwa zan yi?"

"Da ka ƙara wata uku kana yawo da lasifika, da ban san me zan ce maka ba. Yanzu kam a'a. Wata shida kana shan magani kullum, ba fashi, za ka warke sarai."

Judith ta ajiye jakar ta zauna kusa da shi, ita kaɗai a duk wurin. Hawaye na zuba, ba ta damu da sharewa ba.

"Wata uku, Baban Faith. Wata uku ina roƙonka ka yi gwajin nan sau ɗaya tak."

Ya ɗago a hankali. "To ai ga shi na yi sau ashirin da huɗu."

Ta ɗauki jakar ta maka masa a kafaɗa, tana kuka tana dariya.

Tony ne ya fara tunawa. "Tsaya! Mutumin nan a kekena yake zama kullum yana tari!"

"A kan miyata ya yi da lasifika!" in ji Mama Lizzy. "Sista, ba ni roba!"

"Ni na riga ki zuwa!"

Mutanen da suka rantse ba mai ganin yawunsu, su ne suka yi layi suna ture juna a kan roba. Malam Shehu ya karɓi tasa da sharaɗin shi zai miƙa wa Sista hannu da hannu, kuma Nelson ya juya baya. Likita ya tsaya yana kallo, ya ce wa Sista bai taɓa ganin unguwa guda ta zo gwaji da ƙafarta a rana ɗaya ba. Nelson ya ji, ya ɗan ɗago zai yi magana, Judith ta taka masa ƙafa.

Sakamako ya fito, duk layin lafiya, har Judith, wadda aka ba ta maganin kariya. Tallafin kuwa da ya zo, ƙungiyar matan unguwa aka ba, waɗanda suka riga suka ɗanɗana barkono suka kuma ga inda wasa da tari yake kai mutum. Su suke bi gida-gida da robobi yanzu, ana kuma ba su kakin, don ba wanda ya taɓa faɗa da su a kan kwata.

Nelson kuwa, asibiti ya ce sai an sa masa mai lura da shan magani, wanda zai tsaya a kansa kullum ya ga ya haɗiye, ya yi alama a kati. Ba a sha wahalar neman mai wannan aiki ba.

Yanzu wata huɗu ke nan. Bel ya koma hudarsa ta da, murya ma ta dawo, abin da maƙwabta ba su gama yanke shawarar ko alheri ba ne. Ya riga ya fara gaya wa mutane cewa da gangan ya yi, dabara ce ta jawo jama'a asibiti, kuma akwai ƙasashen waje da ke son koyon tsarin. Amma kowace safiya kafin ya karya, Judith takan fito da kofin ruwa da ƙwayoyi a tafin hannu, kati da biro a hammata. Duk unguwar ita kaɗai ta rage tana kiransa da muƙaminsa, ita ma sau ɗaya a rana.

"Tunda ana sa hannu a takarda," yakan ce yana ɓata fuska, "ina lemona?"

"Kodineta," takan ce, "buɗe baki."